Yadda Ake Shirin Hawan Dutse Da Yawon Ƙafa A Daji

Yawancin mutanen da ake saukowa da su daga kan dutse a galabaice, abu uku ne ke kayar da su: sun fito a makare har rana ta riske su a sama, ruwansu ya ƙare, ko kuma takalmi ya ci musu ƙafa. Duk ukun tun daga gida ake maganinsu, kuma babu wanda ke cin kuɗi mai yawa a cikinsu. Da yawa daga cikin kayan da ake tallatawa a intanet an yi su ne domin ƙasashen sanyi da ƙanƙara. A nan wajenmu zafin rana ne babban abokin karawa, sai santsin dutse, sai maciji da ƙudan zuma, don haka shirinmu ya bambanta da nasu.

Wuri da lokaci

Wanda bai taɓa hawa ba ya fara da ƙaramin dutse na cikin gari ko na bakin gari. Mutumin Kano yana da Dala da Goron Dutse, na Zariya yana da Kufena. Waɗannan sun isa su nuna wa mutum inda numfashinsa ya tsaya da yadda gwiwarsa take yi a gangara. Daga nan sai a matsa zuwa irin duwatsun Shere da ke gabashin Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800 daga doron teku. Chappal Waddi kuwa, dutse mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419 da ke cikin gandun dajin Gashaka Gumti a jihar Taraba, tafiyar kwanaki ce da ake yi tare da ma'aikatan gandun, ba ta sabon shiga ba ce.

Watannin da suka fi dacewa su ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, safiya da sanyi. A bazara, wato Maris zuwa Mayu, zafi kan kai digiri 40 ko ya wuce, kuma dutsen da ya sha rana yana mayar da zafin sama kamar tanda, har tafin hannu ba ya iya dafa shi. In dole sai an hau a bazara, to a fara da an idar da sallar asuba, a tabbata an sauko kafin ƙarfe goma. Damina ta fi kowane lokaci kyan gani, ita ce kuma ta fi haɗari, saboda gansakuka da tsawa da cikar rafi.

Akwai wani lissafi da masu hawan dutse suke amfani da shi tun 1892, wanda wani ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Misali, tafiyar kilomita 8 zuwa da dawowa, mai hawan mita 300, za ta ci awa biyu da ɗan doriya. Wannan lissafin mai lafiya ne da ba ya tsayawa. Saboda zafinmu da hutawa da ɗaukar hoto, ka ƙara kashi ɗaya bisa uku a kai, sai ta zama kusan awa uku. Da wannan adadin za ka auna ruwa da guzuri, da shi kuma za ka tsayar da lokacin juyawa.

Lokacin juyawa shi ne agogon da in ya buga za a koma baya, ko an kai sama ko ba a kai ba. A tsayar da shi tun a gindin dutse, kowa ya ji da kunnensa, domin in an hango ƙololuwa kusa babu mai son a juya. A ƙasarmu duhu ba ya jira: daga faɗuwar rana zuwa lokacin da ba ka ganin inda za ka sa ƙafa bai fi minti ashirin da wani abu ba. In kana son sanin abin da ya rage, miƙe hannunka gaba sosai, ka dunƙule shi, ka auna tsakanin rana da inda za ta faɗi. Kowane dunƙule ɗaya kusan minti 40 ne.

Ruwa

Ma'aunin da kowa ya sani shi ne ledar fiya wata, wadda take rabin lita. Da sanyin safiya a lokacin ɗari, leda ɗaya a kowace awa ta wadatar. In rana ta ɗaga ana gumi, leda biyu ne a awa. Tafiyar awa uku ke nan tana son lita biyu zuwa uku, sannan a ɗora lita ɗaya ta ko-ta-kwana wadda ba a taɓa ta sai an makara ko wani ya jigata. Ruwan alwala a lissafa shi daban, kada a ɗebe shi daga na sha. Kowace lita nauyinta kilo ɗaya ne, shi ya sa mutane ke rage ruwa don jaka ta yi sauƙi. Ka rage komai, ban da ruwa.

Kada ka zuba ledojin a jaka haka nan. Suna fashewa in ka jingina da dutse, su jiƙa waya da guzuri, ka kuma rasa ruwan. Juye su a gorar roba mai murfi, irin ta lita ɗaya da rabi, guda biyu. In ka cika gora ɗaya rabi ka sa ta a firiza ta kwana, da safe ka cike ta da ruwa ka naɗe ta da tsumma, za ta riƙe sanyi har hantsi ya wuce. Kafin ka bar gida ka sha rabin lita, a hanya kuma ka riƙa kurɓa duk bayan minti 15 zuwa 20, domin lokacin da ƙishi ya kama ka sosai jiki ya riga ya yi asara. Fitsari shi ne shaida: in ya fito fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya lau. In ya yi duhu kamar shayi, ko aka yi awa huɗu bai zo ba, ruwa ya yi ƙaranci a jiki.

Gumi yana fita da gishiri, kuma zallan ruwa ba ya mayar da shi. Shi ya sa wani zai ce ya sha ruwa da yawa amma ga jijiyar ƙafa tana ɗaurewa, ga ciwon kai. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyu, kowane ɗaya ana narkar da shi a lita ɗaya. In babu, ana haɗa shi a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin da sunan ƙarin ƙarfi, yawansa cutarwa yake yi. Haka ma ɗirkar ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a awa guda yana da nasa haɗarin.

A san bambancin galabaita da bugun zafi, domin na biyun yana kisa. Wanda ya galabaita yana gumi sharkaf, jiri na ɗibarsa, zuciya na tashi, amma hankalinsa na nan. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, kuma tafiyarsa ta ranar ta ƙare ke nan. Wanda zafi ya buga kuwa magana ce take rikice masa, yana tangaɗi kamar mashayi, yana faɗa ba dalili, ko ya suma, jikinsa rau da zafi. Wannan a jiƙa shi da duk ruwan da ake da shi, a yi ta masa fifita, a nufi asibiti da shi nan take. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe.

Ruwan da ke kwance a ƙoramar dutse ko kududdufi ba na sha ba ne sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko an sa masa ƙwayar tsarkake ruwa an jira minti 30. Shiga cikinsa ma a guje shi. Tsargiya ta fata take shiga, ba sai an sha ba.

Mai sikila ya yi shawara da likitansa kafin ya hau, saboda ƙarancin ruwa a jiki da sanyi da wahala duk suna tayar da ciwon. Haka mai ciwon zuciya, mai hawan jini da mai ciwon sukari. Mai asma ya sa abin shaƙarsa a aljihu, musamman ranar da ƙurar hunturu ta sauko. Mai azumi kuma ya bar hawan rana sai bayan salla.

Takalmi

In kuɗin abu ɗaya kake da shi, ka sa shi a takalmi. Duwatsunmu yawanci falalen dutse ne mai sulɓi, an yayyafa masa tsakuwa da busasshiyar ciyawa. Abin da ake nema shi ne ƙasan roba mai laushi da zane mai zurfi. Gwada da farce: in ka danna robar ta ɗan lotsa ta dawo, za ta kama dutse. In ta yi tauri kamar bokitin roba, za ta zame. Kambas na gudu mai kyan ƙasa ya isa tafiyar yini. Babban but mai rufe idon sawu yana da amfani a cikin ciyawa da kaya mai nauyi, amma sabo ful yana cin ƙafa, kuma irin mai kauri da aka yi don ƙanƙara yana dafa ƙafa a zafinmu. Silifa, takalmin fata mai santsin ƙasa da sau-ciki na zuwa ofis, duk a bar su a gida.

A gwanjo, irin na Ƙofar Wambai a Kano, ana samun takalma masu kyau da araha, sai dai akwai tarko ɗaya. Takalmin da ya daɗe a ajiye, ko da ba a taɓa sa shi ba, soson da ke tsakanin ƙasansa da samansa yana ruɓewa, gam ɗin kuma ya saki. A ido yana nan kamar sabo, sai an yi tafiyar awa ɗaya ƙasan ya ɓare gaba ɗaya a tsakiyar dutse. Kafin ka biya, lanƙwasa shi da ƙarfi, ka murɗa shi, ka danna babban yatsa a gefen soson. In ka ga tsaga, ko gari-gari yana zuba, ajiye shi. Wanda ka saya kuma ka kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye ƙasan da ɗinki. Kuɗin ɗinkin kaɗan ne, kuma shi ne bambancin saukowa da takalmi da saukowa da ƙafa ɗaya a ɗaure da tsumma.

Ka je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka yi tafiyar da ita. Tsakanin babban yatsa da bakin takalmi ya kasance akwai faɗin babban yatsan hannu. Dalili shi ne a gangara ƙafa tana zamewa gaba, in babu wannan filin farce zai yi ta bugun takalmi har ya tara jini ya yi baƙi, daga baya ya fita. Diddige kuma kada ta riƙa ɗagowa in ka taka. Ka yanke farce kwana biyu kafin tafiya, ka kuma yi yawo da takalmin a cikin gari na mako ɗaya ko biyu. Kada ranar hawa ta zama ranar fara sa shi.

Bororo daga gogayya da danshi yake zuwa. Safar auduga tana shan gumi ta riƙe, fata ta yi laushi ta saluɓe. Safar 'yan ƙwallo ko mai haɗin ulu ta fi, kuma a riƙe ta canji. Da ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi-zafi, tsaya nan take, cire takalmi, busar da wurin, ka manna filasta. Minti uku ne zai ci. In ka ce sai an kai sama, kafin nan ya zama ruwa. Bororon da ya riga ya tashi, in ƙarami ne a rufe shi kawai. In babba ne yana hana taku, a wanke, a huda gefensa da allura mai tsabta, a matse ruwan, a bar fatar a wurinta a rufe. Kafin a fara gangara kuma a sake ɗaure igiya da ƙarfi a wajen wuyan ƙafa.

Sutura, jaka da guzuri

Dogon wando mai sauƙi da riga mai dogon hannu, masu haske. Suna tare rana, suna tare ƙarangiya da ƙaiƙayin ƙarara. Wandon jins yana da nauyi, yana goge cinya, in ya jiƙe kuma ba ya bushewa. Babbar riga da jallabiya suna kama ƙaya, suna kuma rufe maka inda za ka sa ƙafa. Ga mata, wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa da hijabi madaidaici wanda bai wuce ƙugu ba sun fi dogon hijabi mai jan ƙasa, wanda ake takewa a hawa, iska kuma ta cika shi a sama. Malafa ta fi hular hana-salla, domin tana rufe kunne da ƙeya. A dazukan da ke da tsando, irin Gashaka, a guji baƙi da shuɗi mai duhu, su ne launukan da ke jawo shi. Sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 ta hawa, saboda haka mai zuwa Jos ko Mambila ya sa rigar sanyi a jaka ko da ya baro gida yana gumi. Lokacin hunturu ɗan man kaɗanya a leɓe da diddige yana hana tsagewa.

Jakar goyo mai hannu biyu, irin ta 'yan makaranta, ta isa. Nauyinta kada ya wuce kashi ɗaya bisa goma na nauyinka sosai: mai kilo 70 ya tsaya a wajen kilo 7, ruwa a ciki. Gorunan ruwa su jingina da bayanka, kayan marasa nauyi su zagaye su. Hannu biyu su zama a sake, ban da sanda. Abin da zai shiga jakar bayan ruwa: tocila ko da da safe za a dawo, usur, ƙaramar wuƙa, ashana a cikin leda, filasta, bandeji mai talewa guda biyu, auduga, maganin wanke ciwo, farasitamol, abin cajin waya, da babbar leda ta kwaso shara, wadda take zama rigar ruwa in an huda ta.

Guzuri ya zama wanda ba ya lalacewa a zafi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, aya, kilishi ko dambun nama kaɗan, ayaba da lemo. Garin kwaki da sukari yana da sauƙin ɗauka, amma yana cin ruwa. Fura da nono da kunun aya suna tsami kafin azahar. Ka karya da abu mara nauyi awa ɗaya kafin tafiya, a hanya kuma ka riƙa cin ɗan abu duk awa.

Izini da jagora

Babu dutsen da ba shi da masu shi. Ka fara zuwa wajen mai unguwa ko dagaci, ku gaisa, ka faɗi ku nawa ne da inda kuka nufa da lokacin da za ku sauko. Da ɗan gari akan ci gari: shi ya san inda zuma ta yi saƙa a bana, da hanyar da ta zabtare, da wurin da mutanen garin ba sa son baƙo ya taka. A nemi mafarauci ko wani saurayi da ya san dutsen, a yi jinga da shi tun a ƙasa. Maganar tsaro kuma ba a wasa da ita. Akwai duwatsu da dazukan da a yanzu ba a shiga, kuma labarin bara ba ya aiki a bana. Ka tambaya a makon da za ka tafi, in mutanen wurin suka yi jim kafin su amsa, ka fasa.

Kada a gaza mutum uku, domin in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. A gida ka bar wa wani sunan dutsen, garin da za ku ajiye mota, da lokacin da in bai ji ku ba zai fara nema. Ka sauke taswirar wurin a waya tun kana da sabis, ka sa alama a inda kuka fara. Inda babu sabis, waya tana cinye caji wajen nemansa, don haka ka sa ta a yanayin jirgi. Lambar gaggawa a Najeriya ita ce 112, amma ka riƙe lambar wani ɗan garin ma, shi zai riga kowa isowa.

Taku

Ka yi tafiyar da za ka iya magana a cikinta ba tare da haki ya yanke ka ba. Wanda ya fi kowa rauni shi ne zai sa wa ayari sauri, a sa shi na biyu a layi, mai ƙwari kuma ya tsaya a ƙarshe. Hutun minti 5 zuwa 10 duk awa ya fi dogon zama, wanda ke sa ƙafa ta yi sanyi ta yi nauyi.

A kan falalen dutse, ka ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya, ka tsaya a miƙe nauyinka ya sauka a kan ƙafafu. Tsoro yana sa mutum ya kwanta ya rungumi dutse, wannan kuwa shi ke ɗauke nauyi daga takalmi har ya zame. Taku gajere, kuma a bi gangara a karkace, hagu da dama, maimakon a miƙe mata. Baƙin zane da ka gani ya sauko a jikin dutse hanyar ruwa ce, ko a rani ana samun santsi a kanta. Ɓawon dutse da ke amsa kamar ganga in ka buga shi da sanda ya rabu da uwarsa, kada ka dogara da shi. Inda sai an sa hannu, gaɓa uku su kasance a kafe kafin ka motsa ta huɗu. Kada ka riƙe ciyawa, saiwarta ba ta da zurfi a kan dutse. Ka lura da tinya da tumfafiya, ruwansu yana ƙona ido.

Kafin ka haye kowane wuri mai wuya, juyo ka dube shi ta sama ka tambayi kanka ko za ka iya saukowa ta nan. Hawa ya fi sauka sauƙi, domin a hawa kana ganin matakinka, a sauka kuwa ƙafa ce ke lalube, ga gajiya, ga gwiwa na rawa. A nan ne aka fi faɗuwa. Ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka sa sanda gaba, kada ka yi gudu, kada ka yi tsalle daga dutse zuwa dutse. Wuri mai tsayi sosai a sauko da baya, fuska na kallon dutse, ko a zauna a ja gindi. Sandar makiyaya ta wadatar, tsawonta ya kai inda in ka riƙe ta gwiwar hannunka za ta yi kusurwa daidai. In dutse ya suɓuce daga ƙafarka, ka ɗaga murya ka ce “dutse!” domin na ƙasa su kauce.

Wanda ya yi targaɗe a naɗe masa bandeji daidai, ba matsewar da za ta sa yatsu su yi sanyi ba, a rage masa kaya, a juya. In ba ya iya taku huɗu a kan ƙafar, a ɗauke shi a matsayin karaya, a ɗaura masa sanda a kai shi asibiti a yi hoto.

Maciji da zuma

Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, ita ce ta fi sarar mutane a yankinmu. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa da tsakuwa, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Macijiyar nan kasa kuwa ba ta gudu, tana kwance har a taka ta. Rigakafinsu ɗaya ne: rufaffen takalmi da dogon wando, buga sanda a gaba in an shiga ciyawa, kada a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, kuma in za a tsallake gungume a hau kansa a duba ɗaya gefen tukuna. Takalmin da aka cire don salla ko hutu a kakkaɓe shi kafin a mayar, saboda kunama.

In sara ta auku, a matsa daga wurin, a zaunar da mutumin, a kwantar masa da hankali. A cire zobe, agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A ɗaura wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi in da hali, a duba agogo a riƙe lokacin. Kada a ɗaure da igiya ko roba, ɗaurin yana kashe gaɓar har a kai ga yankewa. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wajen baƙin dutse ko jiƙo. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini, farasitamol kaɗai. Abin da ke ruɗar mutane da kububuwa shi ne mutum yana iya jin sauƙi a ranar farko, jini kuwa yana tsiyaya a ciki, sai daga baya a ga shi a dasashi ko a fitsari. Allurar kashe dafi ce magani, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da wannan aiki, amma kafin ka fita ka binciki wanda ya fi kusa da inda za ka. Ba sai an kashe macijin ba, hoto daga nesa ya isa in ya samu cikin sauƙi.

Zuma tana son kogon dutse, kuma tamu ta Afirka tana bin mutum da nisa. Turare mai ƙarfi, hayaniya da jifa suna tayar da ita, don haka a bar turare a gida, a hana yara jifa cikin kogo. In ka ji gunjinta, ko ɗaya-ɗaya sun fara bugun kanka, juya a hankali ka bar wurin. In ta taso, rufe fuska da riga ka yi nesa ta hanyar da ka san babu rami, domin faɗuwa wajen gudu ta kan fi harbin muni. Kada ka tsaya kana kaɗa hannu, kada ka faɗa ruwa, za ta jira ka. Bayan an tsira a kankare ƙarin da farce da sauri. Wanda leɓensa ko harshensa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya sha harbi da yawa, asibiti kai tsaye.

Hadari, rafi da wuta

In hadari ya haɗu, saman dutse ne wuri mafi muni. Ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, ka raba uku, shi ne nisanta a kilomita. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a sauka nan da nan, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da bakin kogo mara zurfi, a kuma warwatsu kada a cunkushe wuri ɗaya. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba kafin a ci gaba. Rafin da aka tsallaka a bushe da safe yana iya cika da yamma saboda ruwan da aka yi a wani wuri. In ruwan yana gudu kuma ya kai gwiwa, a jira ya janye.

Da rani kuma gobarar daji ce. Wuta ta fi gudu in tana hawa sama, saboda haka kada ka tsere mata ta hanyar hawa cikin ciyawa. Nemi falalen dutse mara ciyawa, ko wurin da ya riga ya ƙone. In kun hura wuta don shayi, ku yi a kan dutse, ku kashe ta da ruwa har toka ta yi sanyi a hannu.

In kun ɓata hanya, ku tsaya a inda kuka gane hakan, ku sha ruwa, ku duba taswira, ku koma wuri na ƙarshe da kuka tabbatar. Kada a rarrabu. Busa usur sau uku a jere, a dakata, a maimaita, ita ce alamar neman taimako. In duhu ya yi kuma babu tabbacin hanya, kwana a wuri ɗaya ya fi laluben gangara da hasken waya.

Duk ledar da ta hau da ku ta sauko da ku, dabbobin makiyaya suna cinye ta ta kashe su. A bar rubuta suna da fenti ko gawayi a jikin dutse. A wurare irin Birnin Kudu akwai zanen mutanen da a jikin duwatsu, wanda in aka ɓata shi ba ya gyaruwa. Da an dawo gida a duba jiki saboda kaska, musamman bayan gwiwa, matsematsi, hammata da cikin gashi. In an same ta a kama ta dab da fata a ja a miƙe a hankali, ba tare da an matse cikinta ba. Takalmi kuma a cire shimfiɗar cikinsa, a kakkaɓe, a shanya a inuwa, domin rana tana busar da gam ta sa ƙasan ya saki. Zazzaɓin da ya biyo baya cikin mako biyu a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita an shiga daji.